Zoben Igiya Ya Tafi Da Imanina

Duk direban da yake ɗauko riɗi ko kankana daga ƙauyukan Birniwa ya san ƙasar nan fuska biyu gare ta. Ka nausa arewa wajen Machina, rairayi ya riƙe taya. Ka gangara wajen Kirikasamma da Guri da damina, taɓon fadamar kogin Haɗeja ya haɗiye ka har bamba. Kafewa kam dole ce. Magana ita ce, da me za a haɗa igiyar ja da jikin mota?

Shekara da shekaru zoben ƙarfe muka sani, mai kusar nan da ake murɗawa. To, ga wani ya zo na igiya zalla, kuma wallahi tun da na riƙe shi ban ƙara ganin kyan na ƙarfe ba! Guntuwar igiya ce saƙaƙƙiya, kai ɗaya zarge, ɗayan ƙaton ƙulli. Ka zura ta a kunnen jan mota, ka saƙala zargen a wuyan ƙullin, shi ke nan. Iya ƙarfin jan, iya yadda zargen ke ƙara shaƙe ƙullin. Wanda ya ƙago wannan dabara, Allah ya yi masa basira.

Kada a raina ta don an ji igiya. Zaren Dyneema ne, wanda kamfanin DSM na ƙasar Holan ya fito da shi, kuma in aka auna nauyi da nauyi ya ninka ƙarfe ƙarfi sau da yawa. Matuƙa jiragen ruwa ne suka fara sabawa da irin wannan zobe, shi ya sa ya dace da mu: ba ya tsatsa, ba ya nitsewa. Ka tuna yadda kusar ƙarfe ke suɓucewa daga hannu mai santsin laka, ta faɗa ruwa tsakanin kachala, yaron mota ya durƙusa yana lalube har magariba. Na igiya in ya faɗi, ga shi nan yana yawo a saman ruwa, ka miƙa hannu ka ɗauka. Bayan an ja kuma ba ka neman sifana don kusa ta cije.

Amma abin da ya fi ratsa ni shi ne rai. Da mota ta kafe a bakin ƙauye, kafin ka ƙifta ido yara sun yi dafifi. Zoben ƙarfe mai lambar tan 4.75 ya kai kusan kilo guda. In kunnen ja ya ɓalle igiya na miƙe, ƙarfen nan tashi yake kamar dutsen majajjawa, gilashi ko kan mutum duk ɗaya ne a wurinsa. Na igiya ba shi da nauyin da zai yi wannan ɓarna. Ko da wannan kaɗai ya tsaya, ya biya kuɗinsa.

Yana da abin da ba ya so. Kaifin ƙarfe na yanka shi, don haka ramin ja na tarakta ko na motar Kanta mai kaifin baki, a bar wa na ƙarfe. Ni ma akwai guda a ƙarƙashin kujerata. A nisanta na igiya da salansa, zafin digiri 150 ya ishe shi narkewa. Rairayin da ya shiga tsakanin zaren yana cin sa ta ciki, sai a ɗauraye shi a bokiti a shanya a inuwa. A kuma lura, lambar jikin na ƙarfe nauyin aiki ce, ta na igiya kuwa yawanci inda zai tsinke ce. A sayi mai lambar da ta ninka nauyin mota da kayanta sau uku.

Wanda ya ga yadda ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi a Jigawa ya san ba kayan ado nake tallata ba. 'Yan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, da masu kayan mota na Haɗeja, don girman Allah ku cika mana shaguna da shi kafin ruwan Agusta ya sauka.