Kalma mai harafi bakwai da ta mai da uba ɓarawo

Akwai wata rumfar cajin waya a Ajingi da nake bi ta gabanta idan na taso daga makaranta. A da musun ƙwallo ne ke tashi daga cikinta. Yanzu kuwa sai in tarar da samari uku ko huɗu sun haɗa kai a kan waya guda, ɗaya yana cewa, "Harafi biyar ce, da S ta fara, akwai R a ciki." Wani ya buɗe manhaja ya danna haruffan, kalmomin Turanci su zubo kamar an kwance bakin buhu. Wasan cankar kalma suke yi, irin wanda Wordle ya yaɗa a duniya tun da Josh Wardle ya sake shi a Oktoban 2021, har jaridar New York Times ta saye shi a farkon 2022. Kalma ɗaya mai harafi biyar, gwaji shida, shi ke nan.

Turanci nake koyarwa, kuma wannan abu ya faranta mini rai. Rubutun Turanci ba ya bin furuci yadda bokon Hausa ke yi. Yaron da ya saba rubuta abin da kunnensa ya ji, ina zai san akwai K a farkon "knife"? Ga kuma tsohuwar damuwarmu ta P da F, wadda ke cin makin yaranmu a WAEC da NECO kowace shekara. To, wanda ke ƙirga haruffa dole ya tsura wa kalma ido, ya san abin da ke gaba da abin da ke baya. Na ga yaran da na yi shekara biyu ina fama da su a kan rubutu sun gyaru cikin zango ɗaya, ba don bulalata ba, don kawai kada abokai su yi musu dariya a rumfa.

Inda nake da ja shi ne wajen ma'ana. Wani ɗalibina na aji biyar, yaro mai ƙwazo daga wajen Toranke, ya kawo mini insha'i a kan mahaifinsa. A ciki ya rubuta cewa kullum da asuba babansa yakan "abscond" zuwa kasuwa. Na kira shi, na ce, "Ɗana, ina ka samo wannan?" Ya ce, "Malam, a waya. Na nemi masu harafi bakwai da suka fara da AB, ita ce ta fi yi mini kyau. An ce ma'anarta tafiya da sauri." Na ce ya sake buɗewa mu duba tare. Bayanin na nan, layi ɗaya cikin Turanci, ya ambaci sauri, ya ambaci ɓoyewa, ya ambaci guje wa hukunci. Kalmar sauri kaɗai yaron ya gane, sai ya riƙe ta ya bar sauran. Da na ce masa, "Abin da ka rubuta shi ne babanka yakan yi laifi ya cika wandonsa da iska," sai ya dafe kai, idonsa ya kawo ruwa. Mahaifin nan dattijo ne mai sayar da hatsi, ya yi sammako ne neman halaliyarsa.

Ba laifin yaron ba ne. Manhajojin nan an gina su ne don masu wasa, kuma mai wasa ba ruwansa da ma'ana. A Scrabble ana ba ka haruffa bakwai, idan ka zube su duka a kalma guda ka sami ƙarin maki 50, Q da Z kuma kowanne maki 10 ne. Shi ya sa ƙwararru ke haddace irin su "qi" da "za", waɗanda Bature kansa zai iya tsufa bai furta ba. Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya ci gasar duniya ta Scrabble ɗin Faransanci a 2015 alhali ba ya jin Faransanci, jerin kalmomin kawai ya haddace. A shekarar ce kuma namu, Wellington Jighere, ya doke Lewis Mackay na Ingila a birnin Perth na Ostireliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kambin duniya na Turanci. Ina alfahari da shi ƙwarai, kuma da za a kafa ƙungiyar Scrabble a makarantun Gaya da Ajingi, da ni za a fara. Amma ɗalibin da zai zauna gaban takardar JAMB, ana tambayarsa wace kalma ce ta fi kusa da wata a ma'ana, yawan haruffa ba zai fisshe shi ba.

Mu da muka taso da ƙamus ɗin takarda, a hanyar neman kalma ɗaya sai mun ci karo da goma, kuma kowace na tafe da jimlar misali. Jimlar nan ce ke nuna maka inda kalma ke zama da inda ba ta shiga. Kuma ba mu rasa kayan aiki da harshenmu ba. Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa tun 1965, na Roxana Ma Newman ya fito a 1990, sannan a 2020 ita da Paul Newman suka fitar da wani a maɗaba'ar Jami'ar Bayero, mai ɓangare biyu, Hausa zuwa Turanci da Turanci zuwa Hausa. Takaicina shi ne matasanmu masu ƙera manhaja a Kano, da waɗanda ke karatun kwamfuta a jami'ar Wudil nan kusa da mu, ban ga sun waiwayi wannan giɓi ba. Manhajar da za ka nemi kalma da yawan haruffanta, ta ba ka ma'ana da Hausa da jimla guda, ba ta fi ƙarfinsu ba, muddin an nemi izinin masu ƙamus ɗin.

Kafin a samu, ga abin da nake yi a ajina. Ban hana kowa wasa ba, ranar Alhamis ma ni nake rubuta gurabe biyar a allo su canka. Sharaɗina ɗaya: duk kalmar da ka farauto, sai ka faɗi ma'anarta da Hausa, ka sa ta a jimlar da ta shafi gidanku ko gonarku, in ba haka ba babu maki. A makon farko rabin ajin sun tashi a tutar babu. Yaron Toranke kuwa ya sayi littafi mai shafi arba'in, ya raba kowane shafi gida uku, kalma, ma'ana, jimla. Na duba shi a makon jiya, ya kai kalma 83, kuma "abscond" ce ta farko, da jimla a kan wani ma'ajin adashe da ya gudu da kuɗin mutane.