Wa Ya Kamata Ya Zaɓi Littattafan Laburare?

Al'adar da aka gada a yawancin manyan makarantun ƙasar nan ita ce shugabannin sassa su tsamo sunayen littattafai daga jerin da kamfanonin ɗab'i suka aiko, mai kula da laburare ya saya. Ɗalibi kuwa, wanda dominsa aka gina ɗakin, ba a tambayarsa. Lalle al'adar nan tana bukatar a sake dubanta, balle a Talatar Mafara, inda aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha a 1992, wadda aka sa wa sunan Abdu Gusau, sa'an nan Jami'ar Jihar Zamfara a 2018. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masu ƙin shawarar ɗalibai suna da hujjarsu. Sun ce yaro ba zai nemi kome ba sai abin cin jarrabawa da labaran soyayya. Amma fa a tuna da littattafan kasuwar Kano, waɗanda aka raina sa'ad da suka ɓullo wajen 1985. Daga baya an rubuta kundayen digiri a kansu, alhali da yawansu sun yi wuyar samu, don ba a tara su a kan kari ba. Ashe masu karanta su sun riga malamai ganin amfaninsu.

Akwai kuma abin da ba ya cikin jerin kowane kamfani. Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura, makaɗin fadar Maradun, ya rasu a 1991, waƙoƙinsa na warwatse cikin kaset a gidajen mutane, haka nan na Sa'idu Faru. Waɗanda suka ga ginin madatsar Bakolori, da aka gama a 1978, da rikicin manoma na 1980, suna ta ƙarewa ba a ɗauki bakinsu duka ba. Ɗalibin da ya tashi a garuruwan nan shi ya san gidan da kaset yake, da zauren malamin da ke ajiye da takardun ajami. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ba wai a sakar wa ɗalibai ragama duka ba. Abin da ya kyautu shi ne a ware musu wani kashi na kuɗin saye, kowane sashe ya fid da wakili, wanda duk ya kawo sunan littafi ya haɗa da dalilinsa a rubuce, malamai su tace. Ta haka malamin gobe zai koyi auna littafi tun kafin a danƙa masa aji.