Ɗan Kallon da Ba a Ƙirga Shi: Tarken Wasannin Talbijin Masu Dogon Zango ta Fuskar Birnin Kudu da Gwaram

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna auna wasan kwaikwayo ta fuskar jigo, da zubi da tsari, da salon sarrafa harshe, amma ba safai sukan waiwayi mutumin da aka shirya wasan dominsa ba, watau ɗan kallo. Alhali kuwa shi ma yana da nasa tarken, wanda yakan yi a teburin mai shayi, ko a majalisar ƙofar gida bayan sallar lisha, ko a tsakar gida wajen surfe. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi wasannin nan masu dogon zango da suka mamaye akwatunan talbijin da wayoyin hannu tun daga 2015, ta kuma gwada su da ma'aunin irin wannan ɗan kallo.

An zaɓi ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, domin yanki ne na manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, wanda ya yi iyaka da Jihar Bauchi, kuma bai yi nisa da Kano ba har a ce abin da ake yi a can ba ya isowa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, hanyar da wasa yake bi ya isa ga jama'a ita take zaɓar wa marubuci mutanen da zai rubuta dominsu.

2.0 Daga Majigi Zuwa Memori

Hoto mai motsi ya fara shiga ƙauyukan ƙasar Hausa ne ta hanyar majigi, inda motar gwamnati takan kafa farin ƙyalle a dandali ta nuna fim irin su Baban Larai na shekarun 1950, don koyar da noman zamani. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talbijin na Kaduna, wanda daga bisani ya fito da Usman Baba Pategi a wasan Samanja Mazan Fama, da Kasimu Yero a wasan Karambana. A farkon shekarun 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa tashar CTV 67 a Kano, lokacin Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Jihar Kano, domin sai a 1991 aka yanke Jigawa. A wancan zamani akwatin talbijin kayan manyan ma'aikata ne da attajirai, yara sukan yi cincirindo a zaure ko a bakin taga su kalla. Sa'an nan kaset ɗin bidiyo ya zo da Turmin Danya a 1990, faifai ya biyo baya, wayar hannu ta shigo a 2001, tashar Arewa24 kuma ta fara aiki a 2014.

A yau wasa yakan iso ta hanya uku. Akwai mai kallo ta tauraron ɗan'adam, in an dace da wuta ko akwai janareta ko sola. Akwai mai sayen data ya kalla a YouTube. Akwai kuma na uku, wanda shi ne ruwan dare a karkara: mutum ya kai wayarsa shagon caji, ya biya 'yan kuɗi kaɗan a tura masa sababbin fitowa a memori, shi kuma ya tura wa maƙwabcinsa kyauta. Ranar kasuwa, kamar ta Sara a ƙasar Gwaram, mutumin ƙauye yakan komo gida da gishiri da man gyaɗa da kuma kallon mako guda a aljihu. Mai karatu ya riƙe wannan hanya ta uku, domin a kanta hujjar maƙalar ta dogara.

3.0 Ma'aunan Ɗan Kallo

Wanda ya saurari yadda ake yabon waya a majalisa zai ji ba a cika damuwa da sunan kamfani ba. Abin da ake tambaya shi ne, tana riƙe caji? Tana da ƙara? Memorinta yana ɗaukar fim nawa? Da wannan ne irin su Tecno da Itel suka sami karɓuwa. Ido ne na mai neman amfani, kuma da shi ake duban wasan kwaikwayo. Ana iya fitar da ma'aunai uku daga cikin irin wannan hira.

Na farko shi ne darasi. Babban yabon da ake yi wa wasa shi ne a ce yana da faɗakarwa, babban zargi kuwa a ce shirme ne. Da wannan ma'auni Izzar So, wanda Lawan Ahmad ya fara saki a YouTube a 2020, ya shiga zukatan jama'a, domin tauraronsa Umar Hashim mutum ne mai haƙuri da gaskiya da riƙon addini. Sai dai inda ɗan kallo ya ga abin koyi, manazarci zai ga rauni. Tauraron da ba ya kuskure ba ya da yaƙin da zai yi da zuciyarsa, saboda haka dole marubuci ya yi ta ƙirƙiro masa maƙiya daga waje, kowanne baƙi ƙirin, har wasan ya karkata zuwa wa'azi. Samanja ya koyar ta wata hanya dabam: mutum ne mai saurin fushi da cika baki, kuma daga tuntuɓensa mai kallo yake tsintar hankali.

Na biyu shi ne kama da gaskiya. A nan ɗan kallo yana da kaifin ido ƙwarai. Yakan lura in matar da aka ce talaka ce ta kwana da kwalliya a fuska, ko in manomi ya riƙe fartanya riƙon wanda bai taɓa shiga gona ba. Yakan kuma haɗe ɗan wasa da matsayinsa har sunan yanka ya ɓace, kamar yadda Pategi ya zama Samanja har rasuwarsa a 2023, kuma kamar yadda Kamaye da Ɗantani Mai Shayi da Malam Nata'ala na Daɗin Kowa suka fi sanuwa da sunayen wasa. Wannan ne ya sa lokacin da Nafisat Abdullahi ta bar wasan Labarina na Aminu Saira, Fati Washa ta ɗauki matsayin Sumayya, aka daɗe ana muhawara. A wurin mai shirya wasa canjin ma'aikaci ne kurum, a wurin ɗan kallo kuwa kamar an musanya masa 'yar maƙwabci ne da wata aka ce ya ci gaba da kiranta da sunan waccan. Haka nan Kwana Casa'in, wanda aka fara a 2019, ya ci nasara ne domin kowa yana iya ɗora jihar Alfawa da gwamnanta Bawa Maikada a kan siyasar da ya sani.

Na uku shi ne kunya. Tambayar ita ce, za a iya kallon wasan tare da iyaye da surukai ba a sunkuyar da kai ba? Sutura, da taɓa jiki tsakanin namiji da mace, da yadda ɗa yake magana gaban mahaifinsa, duk a nan ake duba su. Wannan ma'auni ya girmi Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, kuma ya fi ta tsanani, domin gidan da maigida ya ce kada a sake kunna wasa kaza, an gama.

4.0 Abin da Ma'aunin Bai Kama Ba

Abubuwa biyu ne tarken majalisa yakan bari su wuce, watau harshe da zubi. Ta fuskar harshe, Samanja ma ya gauraya Hausa da Turanci, amma barikancinsa yana da aiki: yana nuna sojan da bariki ya tara shi da ƙabilu iri-iri, kuma mai sauraro ya san abin dariya ne. A yawancin wasannin yau kuwa Ingausa ta zama tambarin arziki da wayewa. Mai kuɗi da 'yar boko su suke tsarma Turanci, tsantsar Hausa da karin magana kuma an bar wa maigadi da boka da tsohuwar ƙauye. Yaron da ya tashi yana ganin haka a kowane mako zai koyi darasin da marubucin bai yi niyyar koyarwa ba, cewa harshen gidansu na marasa galihu ne.

Ta fuskar zubi kuwa, cutar ita ce jan labari. Abin da zai ƙare a fitowa goma sai a kai shi hamsin, a cike gurbi da tunano abin da ya wuce, da doguwar tafiya a mota, da buɗe ƙofa da rufe ta, da maimaita wa wani zancen da mai kallo ya riga ya ji. Dalili a fili yake, tun da kuɗin talla yana bin yawan fitowa da yawan masu kallo. Ɗan kallo yakan yi gunaguni cewa an cika ja, amma mako mai zuwa yana nan, don ya riga ya saba da mutanen cikin wasan.

5.0 Wa Ake Rubutawa Dominsa?

A nan ne hanyar nan ta uku take da muhimmanci. YouTube yana ƙirga wanda ya kalla da datarsa ne kawai. In mai shago ɗaya ya sauke fitowa ya tura wa mutum ɗari, su kuma suka tura wa wasu, a lissafin mai wasa mutum ɗaya ne ya kalla. Ba ya samun ko kwabo daga sauran, ba ya kuma jin ra'ayinsu, domin sharhinsu a majalisa yake tashi a majalisa yake kwanta. Wanda ake ji shi ne mai data na Kano da Kaduna da Abuja, da mazauna Saudiyya da Turai. Ba abin mamaki ba ne ke nan in labarai suka tattara a gidajen bene da ofisoshin kamfani da rikicin gadon miliyoyi, mutumin karkara kuma ya fito a matsayin baƙon da bai iya zama a kujera ba.

Daɗin Kowa ya ɗan kauce wa wannan, domin garinsa na masu shayi ne da malaman allo da 'yan gudun hijira da Kirista maƙwabcin Musulmi. Ya kamata a tuna cewa Arewa24 ta fara ne da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta hannun ƙungiyar Equal Access, da nufin yaɗa zaman lafiya, saboda haka wasan bai tashi yana farautar lissafin intanet ba. Wannan ya ba shi sararin duban talaka, ko da yake ya ɗora masa nauyin saƙon da aka tsara daga sama, irin na majigi. Duk da haka, ko a nan noma da kiwo ba su zama ƙashin bayan labari ba. Tsadar taki, da bashin da manomi yake ci kafin kaka, da burtalin da gona ta cinye, da ambaliya irin wadda ta auka wa Jigawa a 2022, da matar da miji ya tafi ci-rani ya bari da 'ya'ya, kowane ɗayansu ya ishi wasa mai zango goma, kuma kowane yana da rikici na gaske wanda ba ya buƙatar a ƙirƙiro masa mugu.

6.0 Kammalawa

An ga cewa ɗan kallon Birnin Kudu da Gwaram yana da ma'aunai uku tsayayyu, darasi da kama da gaskiya da kunya, sai dai harshe da zubi sun kuɓuce masa, kuma hanyar da wasa yake iso masa ta hana muryarsa kaiwa ga marubuci. Aiki biyu ya rage ga manazarta da malamai. Na farko, ɗaliban manyan makarantu, musamman na Dutse da Kafin Hausa da Gumel, su ɗauki tarken majalisa da na tsakar gida a matsayin abin nazari, su tattara shi a rubuce, maza da mata, kamar yadda aka tattara tatsuniya da karin magana. Na biyu, malamin Hausa a sakandare ya shigo da fitowa ɗaya cikin aji, ya sa ɗalibai su ware inda labari ya ci gaba da inda aka tsaya cike gurbi, su kuma lura da wanda aka ba Turanci da wanda aka bar wa Hausa. Daga cikin waɗannan ɗalibai ne ake sa ran samun marubucin da zai ɗauko labari daga kasuwar Sara ko daga gonakin Birnin Kudu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.