Zuma: Ga Zaƙi Ga Algus

Yau kam ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, wani takaici ne ya cika min ciki.

Lokacin bikin ƙanwata, ni aka ɗora wa haɗa mata tsumi. Na shiga wani babban kanti na ɗauko kwalbar zuma, an zana mata ƙudan zuma da saƙa, an rubuta wai tsantsa ce daga daji. Wallahi ko sati uku ba a yi ba ta fara kumfa, ta yi tsami kamar kunun da ya kwana. Hajiyarmu ta dangwala ta lasa, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai mazarƙwaila ce aka narka miki." Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Zumar da ta nuna a cikin amya ruwan da ke cikinta ba ya wuce kashi 20 cikin 100, shi ya sa takan shekara ba ta lalace ba. Wadda ta yi tsami kuwa, ko dai an sirka ta da ruwa, ko an ɗebo ta tun ba ta nuna ba. Abin ba a nan kaɗai ya tsaya ba. A 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon binciken samfuri 320 na zumar da ake shigar musu da ita, aka zargi kashi 46 cikin 100 da sirkin ruwan sukari. To in masu na'urorin gwaji an yi musu haka, ina ga mu da harshe kawai muka dogara?

Haba 'yan kasuwa! Abin da Allah ya ambaci warakarsa a Suratun Nahli, shi za ku yi wa algus? Mace ta ƙuntata wa kanta a kuɗin cefane don ta sayo wa ɗanta maganin tari, ku kuma ku miƙa mata dafaffen sukari.

Sai dai mu ma da laifinmu. Mun fiye son araha, alhali araha ba ta ado. Kuma gwaje-gwajen da muke tinƙaho da su, na ashana, na ɗigawa a ruwa, na kiyashi, duk sukari mai kauri yana iya tsallake su. Abin haushi ma, zumar gaske takan daskare ta yi tsaki-tsaki da sanyin hunturu, sai mu ce jabu ce, mu rungumi wadda ba ta daskarewa. Launi ma ba hujja ba ne, furen da ƙudan ya tsotsa shi ke sa ta yi baƙi ko fari.

Shawarata, ki nemi mai amya wanda aka san gidansa, in da hali ki saya da saƙarta ki tace da kanki. In ta kanti ce, ki duba lambar NAFDAC da adireshin mai ita. Sannan ko ta gasken ce, kar ki ba jaririn da bai cika shekara 1 ba, tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jiki wadda hanjinsa bai isa ya yaƙe ta ba. Mai ciwon suga ma ta yi hattara, zuma zaƙi ce.

Allah ya tsare mu da cin haram da ciyar da shi, amin. Sai mun haɗu a littafi na gaba.