Ido da Kunne a Ranar Bala'i

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma yunwar da ta afka wa Nijar a 2005 kamar ta zo ne don ta gaskata su. Fari da farin ɗango sun lalata amfanin gonar 2004, hukumomin agaji suka yi ta gargaɗi. A watan Mayun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16, ƙasashe masu hali suka yi kunnen uwar shegu. Sai a watan Yuli, da talabijin na BBC ya nuna yaran da suka rame a cibiyar ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta Maraɗi, sannan kuɗi suka fara kwarara. Duk da haka, kuskure ne a ɗauka hoto ya fi magana iya riƙe tausayi. Hoto yana buɗe hannu da sauri, amma magana ce ke faɗa wa hannun inda zai nufa da tsawon lokacin da zai zauna a buɗe.

A dubi ƙasar Gaya da Ajingi, kusa da inda Kogin Haɗejia ke gangarawa daga Wudil zuwa Ringim. A daminar 2022, wadda ambaliyarta ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, Ajingi na cikin ƙananan hukumomin Kano da ruwa ya rushe wa gidaje. Abin da waya ke iya ɗauka a irin wannan rana shi ne katangar ƙasa da ta zube da gona da ta koma tafki. Amma ainihin masifar tana zuwa ne bayan ruwa ya janye: rumbu babu gero, bashin taki yana wuya, an sayar da akuya, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara. Wannan ba ya shiga hoto, domin gidan da babu abinci da gidan da aka ƙoshi kamanninsu ɗaya daga zaure. Ga kuma kunya: magidancin da ya san mutuncinsa ba zai tsaya a ɗauke shi yana roƙo ba, matar aure kuwa tana cikin gida. Halin da suke ciki sai ta bakin mai unguwa, ko liman a huɗuba, ko wanda ya zo jaje ya koma ya ba da labari, ko wakilin rediyo.

Za a ce ai magana ce ta gaza a Maraɗi. Gaskiya ne, amma wace magana? Ta ofis ce, mai cike da alƙaluma, wadda ba ta da sunan gari balle na mutum. Hoton kuwa sai da ya jira yaro ya kai bakin mutuwa kafin ya sami abin nunawa, saboda haka taimakon da ya jawo ya zo a makare. Bai kuma bayyana cewa akwai hatsi a kasuwannin Maraɗi ba, tsada ce ta hana talaka saye. Wannan sai da aka faɗa da baki. Za a kuma ce magana tana ɗaukar ƙarya. Hoto ma yana ɗauka, tunda ana yawo da na tsohuwar ambaliya a WhatsApp a ce ta jiya ce, kuma tambayar wane gari, wace rana, ita ke tona shi.

Yunwar Kakalaba ta 1914 ba hoto ne ya adana ta ba, suna ne da labarin kakanni. Don haka mai ɗaukar hoton ambaliya bai gama aikinsa ba sai ya faɗi ƙauyen, ya faɗi abin da aka rasa, ya kuma koma da bazara lokacin da rumbu ya ƙare.