Safiya da Yamma: Sharhi a Kan Hausar Agogon Waya

Duk wanda ya mayar da wayarsa ko kwamfutarsa zuwa Hausa zai tarar kwanan wata ya fito da sunayen da muka saba, wato Litinin, Talata, Janairu, Satumba da sauransu. Ba kowane kamfani ne ke zama ya fassara su ba. Akwai wani rumbu da ake kira CLDR, a hannun ƙungiyar Unicode tun 2004, inda aka tara yadda kowane harshe ke rubuta rana da wata da sa'a, kuma daga can manyan kamfanoni irin su Google da Apple ke ɗiba. Hausa tana ciki, har an ware ta Nijeriya da ta Nijar da ta Gana. Wannan abin yabo ne, musamman da yake an sa rana kafin wata kamar yadda muke faɗa. A Amurka wata ke gaba, shi ya sa 3/4 a wurinsu 4 ga Maris ne, mu kuwa 3 ga Afrilu.

Amma fa yabon ya tsaya nan. Da aka zo kan alamun nan biyu da Bature ke raba yininsa da su, sai aka kira na farko Safiya, na biyu Yamma. To, mai karatu, in ka zaɓi lissafin sa'a goma sha biyu, ƙarfe ɗaya na dare ya zama safiya ke nan, ƙarfe goma sha ɗaya na dare kuma yamma. Wane Bahaushe ne zai ce ɓarawo ya shigo masa da ƙarfe biyu na safe? Kalmomin dai Hausa ne, amma rabon na Turanci ne. Bature ya tsaga yini biyu a kan tsakar rana da tsakar dare. Malam Bahaushe kuwa yana da asuba, da safe, da hantsi, da rana tsaka, da azahar, da la'asar, da almuru, da lisha, sannan dare ya tsala. Yawancinsu da salla ake gane su, ko da tsayin inuwa. Idan aka ce a haɗu bayan la'asar, ba wanda zai tambayi ƙarfe nawa. Matse wannan duka cikin kalma biyu, a ganina, daidai yake da fassarar ɗalibin da ya riƙe ƙamus ya saki magana.

Wani abin da ya fi wannan nauyi shi ne inda rana take farawa. Na'ura tana juya kwanan wata da ƙarfe goma sha biyu na dare. A lissafin Hijira kuwa sabuwar rana da faɗuwar rana take shiga, shi ya sa daren Juma'a a bakinmu shi ne daren da Alhamis ta wuni. Mutum ya ga saƙo an ce walima daren Juma'a, ya duba waya ta ce yau Alhamis, sai ya kwanta, washegari ya je ya tarar an wanke tukwane.

Haka nan kwanan watan Musulunci da wayoyi da yawa ke nunawa, lissafin Ummul Ƙura ne na Saudiyya, wanda aka tsara tun kafin watan ya tsaya. Mu kuwa a Nijeriya sai an ga jinjirin wata Sarkin Musulmi ya sanar, don haka ba mamaki a sami saɓanin kwana ɗaya. Balle sunayen da kakanninmu ke kiran watanni da su, irin su watan cika-ciki da watan azumin tsofaffi, waɗannan kam ba su da gurbi.

Wani zai ce ai gyaran mai sauƙi ne, a bi lissafin sa'a ashirin da huɗu kamar yadda 'yan boko ke yi a Nijar. Gaskiya ne 23:00 ba ta ruɗa kowa. Sai dai an kauce wa kalmar ne kawai. Shi kuwa wannan rumbu yana da wurin da harshe zai raba yininsa kashi-kashi, kuma wasu harsuna sun yi amfani da shi. A kan buɗe ƙofar gyara lokaci-lokaci, kuma shawarar inda hantsi ya ƙare rana ta fara ta masu nazarin Hausa ce, ba ta injiniya ba.