Fatalwa ko Aljana? Nazarin Wasan Sweet Home da Matsalar Fassarar Tsoro

1.0 Gabatarwa

Unguwar Briqueterie da ke Yawunde, babban birnin Kamaru, tsohon mazaunin Hausawa ce, kuma Hausar da ake yi a cikinta tana zaune ne tare da Faransanci da Fulatanci da harshen Ewondo. Matashin unguwar da ya ga abin firgita a fim ko a wasan bidiyo yana da kalmar Faransanci guda ɗaya a kusa, wato fantôme, alhali Hausa tana da kalmomi da dama, kowace da muhallinta. Wannan takarda za ta nazarci wani tsohon wasan bidiyo na Japan domin nuna cewa zaɓen kalma a nan shi ne fahimtar jigo.

2.0 Tarihin Wasan

Kamfanin Capcom ne ya fitar da Sweet Home a 1989 a kan na'urar Famicom ta Nintendo, a ƙarƙashin jagorancin Tokuro Fujiwara. An gina shi a kan fim mai wannan suna wanda Kiyoshi Kurosawa ya ba da umarni a shekarar. Ba a sayar da shi a wajen Japan ba, amma daga gare shi Resident Evil na 1996 ya samo asali. Irin wasan nan ne da mai wasa ke shiga rigar taurari, yana yanke musu shawara.

3.0 Zubi da Tsari

Mutum biyar masu ɗaukar shirin talabijin sun shiga gidan wani mai zane, Ichiro Mamiya, don neman zane-zanen bangon da ya bari, sai ƙofa ta toshe. Kowanensu na da abu ɗaya nasa: Kazuo abin kunna wuta, Akiko akwatin magani, Taguchi kyamara, Asuka na'urar zuƙe ƙura, Emi kuwa makulli. Ba a tafiya fiye da mutum uku a ayari ɗaya, kuma wanda ya mutu ya mutu ke nan. Ƙarshen labarin iri biyar ne, gwargwadon yawan waɗanda suka tsira.

A nan ƙarfin wasan yake. Hotunansa ƙanana ne, ba su isa su razana mai kallo na yau ba. Ƙa'idojin ne ke haifar da fargaba, domin duk wanda aka bari a baya amana ce a wuyan mai wasa. A tatsuniya mai sauraro yana jin tsoro ne a madadin yarinyar da dodo ya kama. A nan kuwa, idan Emi ta halaka, sakacin mai wasa ne. Raunin wasan shi ne yawan faɗa da ƙananan dodanni waɗanda ba su ƙara wa labarin komai, har su kan mayar da fargaba gajiya.

4.0 Jigo da Zaɓen Kalma

Sannu a hankali, ta rubuce-rubucen da aka bari a ɗakuna, mai wasa ke gano abin da ya faru shekara 30 kafin zuwansu. Ɗan masu gidan ya faɗa tanderun ƙona shara ya mutu. Uwar ta zauce, ta riƙa sato 'ya'yan mutane tana jefa su a wutar don ɗanta ya sami abokan wasa, daga bisani ta kashe kanta. Ita ce ke addabar gidan.

To, mece ce ita a Hausa? Ba aljana ba ce, domin aljanu halitta ce daban, ba mutane ba ne da suka mutu. Ba mayya ba ce, domin mayya rayayya ce mai kama kurwar mutane. Ba dodo ba ce, domin dodon tatsuniya ba shi da tarihin da zai sa a tausaya masa. Kalmar da ta fi kusa ita ce fatalwa, tun da mamaciya ce da ta ƙi kwanciya. Duk da haka akwai saura. Japanawa na kiran irinta onryo, wato mamacin da ƙunci da ƙullaci suka dawo da shi, don haka sai mai fassara ya ƙara bayani, ya ce fatalwa mai ƙullaci.

Ƙarshen wasan ya tabbatar da haka. Makami kaɗai ba ya gamawa da ita, sai an haɗa da addu'a an kuma miƙa mata akwatin gawar ɗanta. Dodo kashe shi ake yi, aljani a kore shi, ita kuwa mayar mata da abin da ta rasa aka yi.

5.0 Kammalawa

Ɗalibin da ya kira matar Mamiya aljana ya shafe uwar da ke cikin labarin, ya bar abin tsoro kawai. Aikin da ke gaban ɗalibai shi ne su tambayi dattawa da matasa a Briqueterie yadda kowane rukuni ke bambanta fatalwa da aljani da kurwa, su rubuta inda amsoshin suka sha bamban.